Yadda Ake Dafa Burkutu Ba Tare da Ya Koma Kunu Ba

Duk wadda ta kawo mini kukan burkutunta ya ƙi tashi, tambayata ɗaya ce: me kika yi da ruwan saman, wato wanda ke tasowa in an dama ɓarzajjiyar dawar ta kwanta? Yawanci sai ta ce ai ta haɗa shi da gasarar ta ɗora a wuta. To a nan ta kashe aikin. Amma bari mu faro daga tsiro.

Jar dawa za ki nema, ta bana, wadda ba a barbaɗa wa maganin ƙwari ba. Mudu huɗu ya ishi mai koyo, kar ki tashi da buhu. Ki jiƙa ta kwana ɗaya, ki tsane, ki baza a kan buhu a inuwa, ki rufe da wani buhun mai danshi. Safe da yamma ki yayyafa ruwa ki juya da hannu. Kwana huɗu zuwa biyar ta tsira, sai dai da hunturu a Jos takan ƙara kwana. In ta yi hunhuna, zubar kawai. Ki shanya a rana har ta bushe ƙamas, sannan ki murje tsiron da saiwoyin ki sheƙe su. Kar ki yi ganda a nan, ɗanyen tsiron dawa na da guba irin ta rogo mai ɗaci, shi ya sa makiyayi ba ya barin shanunsa su faɗa gyauro.

A inji ki ce a ɓarza, kar a yi laushi. Ki dama da ruwan sanyi a randa, ki bar shi awa biyu zuwa uku ya kwanta. Ruwan da ya taso sama ki tsiyaye shi a hankali cikin wani bokiti ki ajiye gefe. Abin da ke juya gasara ta koma zaƙi yana cikin ruwan nan, kuma tafasa na kashe shi. Ita kuwa gasarar dawa ba ta sakin jiki sai zafi ya kai wajen digiri 70 a ma'aunin Celsius ko fiye. Shi ya sa ake raba su. Sha'ir ba shi da wannan taurin kan, don haka Turawa ke yin nasu a tukunya ɗaya, masu kallon bidiyo su kwaikwaya da dawa su yi asara. Ko manyan kamfanonin giya sun sha fama da wannan bayan Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, suka koma kan dawa.

Ki dafa abin da ya kwanta kina juyawa da muciya har ya yi kauri kamar talge. Sauke, ki bari ya sha iska. Ni gwajina ɗan yatsa ne: in na tsoma na ƙirga uku kafin na zare, ya yi. Sai ki juye ruwan saman ki gauraya, ki rufe. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya za ki ga kaurin ya tsinke, ki ɗanɗana ki ji zaƙi. Karona na farko na juye shi tukunya na tafarfasa don ina sauri. Na zauna ina jiran ya tsinke har dare, muciya na tsaye a ciki kamar an kafa ta. Aladun maƙwabta ne suka sha.

Bar shi ya kwana ya ɗan yi tsami. Da safe ki tace, ki tafasa ruwan awa uku zuwa huɗu. Nan itace ke tafiya, amma kar ki rage. In ya huce sarai, ki zuba ƙwarya ɗaya ta burkutun da ke kan tashi. Yis ɗin burodi ma yana yi, ni dai ba na son warinsa. Rufe da ƙyalle mai tsabta, ban da jarka mai murfi, fashewa za ta yi. Kwana ɗaya zuwa biyu kumfa ta taso, an gama. Kar ki ƙara masa ƙwaya ko wani sinadari wai don ƙarfi, kuma ki san inda kike, a Kano ko Zamfara doka ta hana. A shanye cikin kwana biyu, bayan nan tsami ne zalla. Dusar kuwa masu kiwo za su saya.