Masu Masters da PhD, ku rika ajiye CV biyu

Jama'a in kana da masters ko PhD kuma kana neman karamin aiki a kamfani, irin na graduate trainee (sabon ma'aikacin da ake koya wa aiki) a banki, kar ka sa digirin nan a saman CV dinka. Fara da abin da ka iya da inda ka taba aiki, takardun karatu su koma kasa.

Dalili kuwa, mai daukar ma'aikata yana ganin PhD sai ya fara lissafi, wannan albashinmu ba zai ishe shi ba, kuma da ya samu gaba zai gudu ya bar mu, shi kenan ya ture takardarka gefe ko intabiyu ba a kira ka ba.

Amma fa ban ce ka yi karya ba! In fom ya tambayi matakin karatunka na karshe, rubuta gaskiya.

Dabarar ba ta aiki a jami'a, shi ya sa kake bukatar CV na biyu. Can takardar ce kudinka, mai masters Assistant Lecturer ake daukarsa, mai PhD kuwa Lecturer II. Aikin gwamnati ma ka nuna duk takardunka tun ranar shiga, don da su ake yanke maka level.