Darasi na 7: Ƙyanda da Dakarun Cikin Jini

Duk uwar da ta raini yara ta san baƙon dauro. Zazzaɓi ne yake fara zuwa, da tari da majina, idanu su yi ja. Bayan kwana uku ko huɗu ƙuraje su fito a fuska da bayan kunne, su gangara ƙirji har ƙafa. Amma kafin a ga zazzaɓin, cutar ta yi kwana 10 ko fiye a jikin yaron tana aiki, ba wanda ya sani. Wannan aikin na ɓoye shi ne darasinmu na yau.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina katanga da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da aikinta, tana da kayan aikinta a ciki.

Abin da ke kawo ƙyanda kuwa sunansa bairos. Ya fi ƙwayar halitta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya iya haihuwa shi kaɗai. Ɗan ƙunshi ne kawai, a cikinsa akwai umarnin yadda za a ƙera irinsa. A bayansa akwai wasu 'yan ƙayoyi masu aikin makulli. Idan makullin ya dace da ƙofar wata ƙwaya, sai ya manne, ya zuba umarninsa a ciki.

Ku ɗauka shagon tela ne ana gab da Sallah. Wani baƙo ya shigo, ya ajiye samfur a kan keke. Tela ya ture ɗinkin mutane gefe, ya kama ɗinka samfurin baƙo, da zarensa da yadinsa, ba dare ba rana. Haka ƙwayar da bairos ya shiga take yi. Ta bar aikinta ta koma ƙera sababbin bairos, su kuma su bazu zuwa maƙwabtanta. Shi ya sa kafson da ake saya a kemis ba ya taɓa bairos. An yi shi ne don bakteriya, wadda halitta ce daban mai rayuwa da kanta.

Jiki ba ya zuba ido. A cikin ɓargo ake haifar fararen ƙwayoyin jini, su ne dakarun garkuwar jiki. Wasu masu sintiri ne, duk baƙon da suka tarar sai su haɗiye shi. Mugunyar da kuke gani a miki, yawancinta gawarwakin irin waɗannan ne. Wasu ana ce musu B, suna ƙera wani sinadari mai toshe makullin bairos don kada ya buɗe ƙofa. Wasu ana ce musu T, suna neman ƙwayar da aka riga aka shiga su kashe ta, da ita da abin da ke cikinta. Kaluluwar da ke kumbura a wuya ko hamata, nan ne sansaninsu.

Idan an gama yaƙi, wasu daga cikin B da T suna zama kamar tsohon mai gadi da ya san fuskar ɓarawo. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi.

To, ga muguntar ƙyanda. Makullinta ya dace da ƙofar dakarun ne su kansu. Tana shiga ta numfashi, ta fara da masu sintirin huhu, su ɗauke ta da kansu zuwa sansani. A can take hallaka masu gadin da suka san fuskar wasu cututtuka. Sai ka ji uwa tana cewa, "Ƙurajen sun tafi, amma yaron bai koma daidai ba." Gaskiya ta faɗa. Gudawa, ciwon huhu, ciwon kunne, duk sun samu ƙofa a buɗe. Yaron da dama ba ya samun abinci mai gina jiki shi ya fi shan wuya, har ido yakan tafi.

Ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita. Cikin mutum 10 da ba su da kariya, kusan 9 za su kamu idan sun zauna da shi.

Allurar rigakafi bairos ne da aka raunana. Dakaru su gan shi, su riƙe fuskarsa, ba tare da ya yi ɓarna ba. A Najeriya ana yin ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15, kuma kyauta ce a asibitin gwamnati. Ɗan zazzaɓin da wasu yara kan yi bayanta alamar dakaru suna atisaye ce.

Idan yaro ya riga ya kamu, a kai shi asibiti a ba shi bitamin A. A ci gaba da ba shi nono da ruwa da abinci. Kada a ɗiga masa komai a ido sai abin da ma'aikacin lafiya ya bayar.

Aikin gida: ku ɗauko katin rigakafin ƙaramin yaron gidanku. Ku nemo layin ƙyanda, ku kwafi ranar da aka rubuta a littafinku. Wanda ya tarar layin babu komai, ya zo aji da katin gobe mu duba tare.