Yadda za ka gane jijiyoyin tsohonka sun fara tauri, da na'urar awon jini ta gida

A ɗakin awon da nake aiki a nan Sakkwato, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dattijon da na'ura ta nuna masa 165 a sama, 75 a ƙasa, ya kuma tashi yana murna wai na ƙasa bai hau ba. Wani ma cewa yake yi: "Ɗiyata, wanga ai shekaru na." Gaskiya ne akwai hannun shekaru a ciki, amma wannan tazarar tsakanin lambobin biyu saƙo ce daga jijiyoyin jini, kuma kowa zai iya karanta ta a gida.

Duk bugun da zuciya ta yi, takan watsa jini cikin babbar jijiyar da ta fito daga gare ta. A jikin matashi jijiyar nan takan buɗe ta karɓi jinin, sannan ta koma a hankali tana tura shi gaba kafin bugu na gaba. Kamar fatar jan akuya ce da majemi ya jeme ta yi laushi, idan aka kwatanta da ƙirgin da ya bushe a rana. In jijiya ta yi tauri ba ta buɗewa, sai lambar sama (ƙarfin jini lokacin bugu) ta hau, ta ƙasa (ƙarfinsa tsakanin bugu da bugu) ta sauka. Zuciya na tura jini da ƙyar har namanta ya yi kauri, ga shi ita kanta tana samun nata jinin ne a lokacin hutu tsakanin bugu da bugu, daidai lokacin da ƙarfin ya ragu. Ƙarfin bugun kuma yana isa kai tsaye ga ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda. Daga nan ake samun shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda da gazawar zuciya. Bayan tsufa, abubuwan da ke gaggauta shi su ne hawan jinin da aka bari ba magani, ciwon suga, ciwon ƙoda, taba da yawan gishiri.

Awo sai an yi shi daidai, in ba haka ba lambobin ƙarya za ka tara. Nemi na'urar da ake naɗawa a damtse. Kada Baba ko Inna su ci goro, su sha shayi ko kofi ko taba minti 30 kafin awo, kuma su fara zagayawa bayan gida. Kada a auna a kan tabarma da ƙafa a naɗe. A zauna a kujera, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, a huta minti 5. Babbar riga a cire ta, domin in aka nannaɗe hannunta sama tana matse damtse. Mai kaurin hannu na buƙatar babban maɗauri. Abu mafi wuya a gidajenmu shi ne shiru: in aka yi sallama ana cikin awo, a bari na'ura ta gama kafin a amsa doguwar gaisuwa. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu, da safe kafin shan magani da kuma da dare, har kwana 7, ana rubutawa a littafi.

Sai ka ɗebe lambar ƙasa daga ta sama. Mai 120 da 80 tazararsa 40 ce. Dattijon can mai 165 da 75 tasa 90 ce. Ga mai shekaru, tazarar da ta kai 60 ko fiye a kai a kai alama ce da likitoci ke ɗauka ta taurin jijiya. A awon gida kuma, matsakaicin da ya kai 135 a sama ko 85 a ƙasa ya isa a je asibiti ko da ɗaya ne kawai ya hau. Ainihin gwajin taurin jijiya shi ne auna saurin tafiyar bugun jini daga wuya zuwa matsematsi, inda fiye da mita 10 a daƙiƙa ke nuna tauri, amma littafinka ya ishi likita fara aiki. Kai tsohon tare da littafin zuwa asibitin da ke kusa, ko Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka nemi a haɗa da gwajin suga, fitsari da ƙoda.

A kicin ne rabin aikin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Mutane kan rage gishirin da suke gani su manta da dunƙulen magi, yajin tsire, kilishi da kanwa, alhali duk sinadarin gishiri ne a cikinsu. Ni na fi so uwargida ta rage a tukunyar gida gaba ɗaya, a hankali cikin makonni, ta ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. Ware wa tsoho tasa miyar lami kaɗai ba ya ɗorewa, zai aika a sayo masa tsire.

Tsoho kuma ya riƙa tafiya da ɗan sauri, minti 150 a mako. Da zafin Afrilu a yi ta bayan sallar asuba.

Maganin hawan jini ba a barinsa don lambobi sun sauka, domin saukar aikinsa ce. Ba a kuma ninka shi a gida don na sama ya ƙi sauka, saboda mai taurin jijiya na iya yin jiri ya faɗi idan ya miƙe, musamman da zafi. Kafin azumi a tambayi likita yadda za a sauya lokacin sha. A kuma duba ledar magungunan Inna: masu kashe ciwon gwiwa irin su diclofenac da ibuprofen suna ɗaga jini kuma suna wahalar da ƙoda.

Idan awo ya kai 180 a sama ko 120 a ƙasa tare da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko dishi-dishin gani, ko kuma baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe ko da lamba nawa ce, a wuce asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.