Yadda Ake Kwaikwayon Kwararar Alminiyam a Kwamfuta Kafin a Sassaƙa Mazubi

A zubin matsin lamba, wato inda fistin ke tura ƙarfe cikin mazubi da ƙarfi, narkakken alminiyam na cika mazubi cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Ido ba ya ganin abin da ke faruwa a ciki, kuma gyaran mazubin ƙarfen H13 (nau'in ƙarfe mai jure zafi) bayan an sassaƙa shi akwai tsada. Shi ya sa ake fara gwadawa da manhaja irin su MAGMASOFT, ProCAST ko FLOW-3D CAST.

Ka loda zanen gaba ɗaya: kayan da za a zuba, hanyoyin kwarara, ƙofar shiga, aljihunan rara (inda rarar ƙarfe ke taruwa), mafitar iska da bututun turi (inda ake zuba narkakken ƙarfe fistin ya tura shi). Wajen yanka zanen zuwa raga, wato ƙananan ƙwayoyin da manhajar ke lissafi a kansu, ka tabbata ƙofar shiga da duk wani siririn bango sun samu aƙalla ƙwayoyi uku a kaurinsu, in ba haka ba lissafin gudu zai kauce.

Ga garwayen alminiyam irin A380 ko ADC12, zafin narkakken ƙarfe yakan kasance digiri Celsius 650 zuwa 680, na mazubi kuwa 180 zuwa 250. Kada ka ba mazubin zafi guda ko'ina. Ka gudanar da zagayen zubi biyar zuwa goma a manhajar tukuna, har da feshi da bututun sanyayawa, sai zafin ya daidaita.

Bututun turi ne inda aka fi yin sakaci, alhali a nan iska ke fara shiga. Fistin na soma tafiya a hankali, wajen mita 0.2 a daƙiƙa. Idan ya yi gaggawa, igiyar ƙarfen ta kife ta haɗiye iska. Idan ya yi nawa, ta dawo baya ta tare iskar, ƙarfen kuma ya huce. Sannan ka lissafa gudu a ƙofa: fistin mai faɗin milimita 70, yana tafiyar mita 3 a daƙiƙa, ta ƙofa mai murabba'in milimita 250, zai ba da kusan mita 46 a daƙiƙa. Tsakanin 30 da 60 ake so. Fiye da haka yana cinye mazubin.

A sakamakon, duba inda kwarara biyu suka haɗu bayan sun huce, nan tsaga ke fitowa. Wurin da ya cika a ƙarshe shi ke buƙatar aljihun rara da mafitar iska. Sassa masu kauri da suka rage a narke bayan ƙofa ta daskare za su yi ramukan tsukewa, domin matsin da fistin ke ƙarawa a ƙarshe ba ya isa gare su.

Idan mazubin ya iso, ka yi zubin da bai cika ba da gangan, ka ɗauki hoton eksire na cikakkun, ka kwatanta da abin da allo ya nuna.