Babi na 7: Karatun jadawalin farashin baya na kwandon hannayen jari mai rabon riba

Ƴan'uwa ɗalibai, kowa ya fiddo kayensa da bik, ya shimfiɗa takardar jadawalin da aka raba a gabansa. A babin da ya gabata mun ga cewa hannun jari yanki ne na mallakar kamfani, kuma akwai kasuwa a Abijan mai suna BRVM, wadda ta fara aiki a 1998, kasuwar haɗin gwiwa ta ƙasashe takwas, har da Nijar, inda ake cinikin hannayen jari. Yau za mu dubi wata haja da ake sayarwa a kasuwanni masu nisa irin ta birnin Niyok a Amurka. A takarda ana rubuta sunanta da haruffa uku, ETF, amma a ajinmu za mu kira ta kwando, domin an tara hannayen jarin kamfanoni masu yawa a wuri ɗaya, ana sayar wa mutane yanki-yanki. Kwandon da muke magana a kai yana tara kamfanonin da ke wajen Amurka, na Ingila da Japan da Faransa da Suwizalan da Kanada, irin su Toyota da Nestlé da Shell, waɗanda suka saba raba wa masu hannun jari wani abu daga ribar da suka ci. Wannan shi ne rabon riba, kuma irin waɗannan kwanduna da yawa sau huɗu suke biyan sa a shekara.

Darasi na 1: Kwanan wata da lambobi

Jadawali yana da layukan kwance da layukan tsaye. Kowane layin kwance rana ɗaya ce. Ku aza yatsa a kan layi na sama, wannan ita ce rana mafi kusa da yau, kuma duk yadda kuka gangara ƙasa baya kuke komawa. Ba za ku ga Asabar da Lahadi ba, saboda kasuwar ba ta ci a waɗannan ranaku, don haka kada wani ya ce an tsallake layi.

Mu a Nijar muna fara rubuta rana, sannan wata, sannan shekara. Amurkawa kuwa da wata suke farawa. Idan kuka ga 03/04/2020 a jadawalin Amurka, ranar 4 ga Maris ce, alhali a takardar haihuwar ɗanku ranar 3 ga Afrilu ke nan. Haka kuma inda muka saba sa waƙafi a lissafin lakkol, su ɗigo suke sawa, inda muke barin fili a tsakanin dubbai kuma su sa waƙafi. Saboda haka 60.25 sittin ne da kwata, 1,200 kuma dubu ɗaya da ɗari biyu ne.

Sai maganar dala. A kasuwar Tawa idan aka ce dala sittin, kowa ya san sefa 300 ake nufi, tun da dalarmu sefa 5 ce. Dalar da ke cikin wannan takarda dalar Amurka ce, wadda guda ɗaya tata ta kai ɗaruruwan sefa. Ku rubuta wannan a saman shafin kayenku da manyan baƙaƙe.

Darasi na 2: Farashi huɗu na rana guda

Bayan kwanan wata akwai layukan tsaye huɗu a jere, farashin buɗewa, da farashi mafi sama, da farashi mafi ƙasa, da farashin rufewa. Duk wanda ya taɓa wuni a kasuwar albasa ta Galmi ya san wannan ba tare da takarda ba, domin akwai kuɗin da aka fara sayar da buhu da safe, akwai inda ya kai da masu manyan motoci suka iso, akwai inda ya sauka, akwai kuma cinikin ƙarshe kafin a watse. Kasuwar Niyok tana buɗewa da ƙarfe 9:30 na safiyarsu, ta rufe da ƙarfe 4 na yammarsu, wato ƙarfe 9 ko 10 na dare a nan gwargwadon lokacin shekara. Farashin rufewa shi ne na cinikin ƙarshe. Ku zagaye shi da bik.

Darasi na 3: Farashin rufewa da gyararren farashi

A nan ne na ga manya masu kaifin lissafi suna tuntuɓe aji bayan aji, saboda haka za mu tafi sannu a hankali, kuma babu kunya ga wanda ya nemi a maimaita.

Kusa da farashin rufewa akwai wani layin tsaye mai kama da shi, wanda za mu kira gyararren farashi. A layukan sama lambobin biyu sukan zo daidai, amma idan kuka gangara zuwa shekarun baya za ku ga gyararren ya fi ƙanƙanta. Dalilin shi ne rabon riba.

Ku ɗauki misalin tunkiya mai ciki a kasuwar dabbobi ta Badagishiri. Kafin ta haihu tana da tsada, saboda mai saye ya sayi uwa da abin da ke cikinta. Bayan ta haihu, idan aka kai uwar ita kaɗai, kuɗinta zai ragu, amma mai ita bai yi asara ba, domin ɗan yana gida. Kwando ma haka yake. Akwai ranar da ake yanke rabo, wadda duk wanda ya saya daga ranar ba zai samu rabon wannan karon ba, kuma a ranar farashi yakan sauka da kimanin adadin rabon.

Ga lambobin koyo, waɗanda na shirya don aji kawai. Ranar Litinin kwando ya rufe a dala 60.00. Ranar Talata aka yanke rabon dala 0.60 ga kowane yanki, sai farashi ya buɗe a wajen 59.40. Wanda yake da yanki ɗaya tun Litinin yana da haja ta 59.40, yana kuma jiran 0.60 a asusunsa. Ku haɗa su a kaye. Jimilla 60.00 ce, babu abin da ya ɓace.

Wani dattijo mai cinikin albasa ya taɓa dakatar da ni a nan, ya ce, "Malam, to ai farashin ya faɗi, idona ya gani." Na ce masa, "Baba, gaskiya ne ya sauka, amma ina ɗan tunkiyar?" Ya yi shiru, sannan ya ce yana gida. Ina so kowannenku ya riƙa yi wa kansa wannan tambaya duk lokacin da ya ga farashi ya sauka a ranar da aka rubuta rabon riba a jadawali.

Masu shirya jadawali ba sa son wannan saukar ta yi kama da asara, sai su koma baya su rage dukan farashin ranakun da suka gabaci rabon da kaso iri ɗaya, gwargwadon girman rabon. A misalinmu 0.60 kashi 1 ne cikin 100 na 60.00, don haka rufewar Litinin ta 60.00 za ta bayyana 59.40 a gyararren layi, wata tsohuwar rana da ta rufe a 50.00 kuma ta bayyana 49.50. Kowane sabon rabo yana sake rage lambobin baya, shi ya sa wanda ya buga jadawali bara ya sake bugawa bana zai ga gyararrun lambobin sun canja, alhali na rufewa suna nan yadda suke.

Mu maimaita tare. Idan ana tambayar nawa aka sayar da yanki a rana kaza, farashin rufewa ake dubawa. Idan ana tambayar nawa mai kwando ya ci daga rana kaza zuwa rana kaza, har da rabon da ya karɓa, gyararren farashi ake dubawa a ranakun biyu. Ba a ɗaukar rufewa a farko a ɗauki gyararre a ƙarshe. A jarrabawar da ta wuce da yawa sun gauraya layukan biyu, wasu ma waɗanda suka gyaɗa kai suka ce sun gane ne. Gyaɗa kai ba ya cika kaye, kuma wanda ya bar aikin gida sai ya zo aji yana kwafa daga maƙwabcinsa kansa ya cuta, domin ranar da zai zauna gaban jadawali da kuɗin guminsa maƙwabcin ba zai kasance a wurin ba. Ku sake rubuta jimlolin nan biyu masu farawa da "Idan ana tambayar" sau uku, ku ja layi a ƙarƙashin kalmar rufewa da kalmar gyararre.

Rabon riba ba alkawari ba ne. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta girgiza kasuwanni, Babban Bankin Turai ya nemi bankuna su dakatar da biyan rabo, kuma a watan Afrilu kamfanin Shell ya rage nasa a karo na farko tun Yaƙin Duniya na Biyu. Ku nemo watan Maris ɗin nan a jadawalinku, ku ga yadda layukan biyu suka gangara tare, wannan ita ce faɗuwa ta gaske, wadda babu ɗan tunkiya a bayanta.

Darasi na 4: Yawan ciniki

Layin ƙarshe na dama yana nuna adadin yankunan da aka yi cinikinsu a ranar. Ƙidayar haja ce, don haka kada ku sa mata alamar dala.

Darasi na 5: Canji da haraji

Sefa tana ɗaure da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655,957 a rubutunmu, amma dalar Amurka tana hawa da sauka, saboda haka ribar dala tana iya raguwa idan aka mayar da ita sefa. Amurka kuma takan cire kashi 30 cikin 100 na rabon da ake biyan baƙi idan babu yarjejeniyar haraji, kuma jadawali ba ya nuna wannan. Irin waɗannan kwanduna suna ɗauke da bankuna masu cin kuɗin ruwa, wanda ya damu da hukuncin haka ya tuntuɓi malamai.

Aikin gida

Ku zaɓi rana ɗaya mai rabon riba a takardarku, ku rubuta farashin rufewa da gyararren farashi na ranar da ta gabace ta, sannan ku faɗi wanne aka biya a kasuwa. A kawo kaye ranar Alhamis.