MT-07 ko MT-09, wanne zaka saya?

Duk wanda ya tara kudinsa zai shiga harkar manyan mashina, irin wadannan marasa riga da injinsu yake a waje kana kallonsa, kusan sai ya tsaya cak a tsakanin wadannan biyun na Yamaha, MT-07 da yayansa MT-09. Daga nesa kamar uwa daya uba daya, tankinsu lita 14 dukkansu, tayoyinsu ma girma daya, amma da zarar ka murda totur zaka gane ba halinsu daya ba. Ni dai ra'ayina tun farko in fada, mafi yawan masu wannan tambayar MT-07 ne ya dace dasu, amma bari in nuna maka yadda zaka auna da kanka kar ace na maka dole.

Ka fara da sanin abinda ke cikin kowanne. MT-07 ya fito a 2014, injinsa cc 689 ne mai silinda biyu, yana bada karfin doki wajen 73. MT-09 kuma silinda uku ne, na farkonsa cc 847 mai doki 115, daga 2021 suka kara shi ya koma cc 890 dokinsa ya kai wajen 119. In kaga an rubuta FZ-07 ko FZ-09 a jikin wani kar ka rude, sunan da aka rika sayar dasu dashi a Amurka kenan a shekarun farko, mashin din daya ne. Toh abinda mutane basa lura dashi shine nauyi, karamin yana wajen kilo 184 da mai a ciki, babban na 2021 kilo 189, wato kilo biyar kacal tsakaninsu amma an dora masa karin doki sama da 40. Wannan ne yasa MT-09 yake daga gabansa sama a giya ta daya da ta biyu ko baka nema ba, hannu kawai ya dan zarce.

Yanzu ka tambayi kanka gaskiya tsakaninka da Allah, me ka saba hawa? In daga Boxer ko Jincheng kake tahowa, ka sani Boxer mai cc 100 dokinsa bai wuce 8 ba, kenan ko karamin nan MT-07 ya ninka shi kusan sau tara. Sau tara fa. Mutum yace ai shekara goma yana tuka mashin, eh munji, amma hannun da ya saba murde totur har karshe don ya wuce Keke Napep, wannan sabo da yayi shine zai kada shi a kan babban mashin, domin anan rabin wannan murdawar ta isa ta fizge ka. A Turai ma ba'a barin sabon matuki ya hau duk abinda ya ga dama, akwai lasisin da suke kira A2 wanda aka kayyade karfin mashin kar ya wuce doki 47, har MT-07 din sai an shake shi kafin mai wannan lasisin ya hau. Su da titinsu yake sumul kenan. In baka taba rike mashin mai cc 300 zuwa 500 na akalla shekara guda ba, ka cire MT-09 daga lissafi kawai, ba raini bane, ina gudun a kwashe ka ne.

Wanda kuma ya riga ya saba da manya, sai ya duba inda zai rika hawa. Cikin gari ne, gosulo, shataletale, mai kura ya fito, akuya ta tsallaka, yaro ya yanko titi da gudu? MT-07 anan yake da dadi, karfinsa yana zuwa tun daga kasa ba sai ka kure injin ba, ga shi siriri kana ratsa tsakanin motoci ba wahala. MT-09 a irin wannan wurin kamar doki ne da aka daure a turke yana ta haniniya, giya biyu zuwa uku kawai zaka yi amfani dasu, fanka tana ta aiki zafin injin yana dukan kafarka, musamman a watan Afrilu da rana take tsakiyar ka. Amma in tafiyarka doguwa ce, kana yawan hawa babban titi, kana daukar mutum a baya, nan babban yake nuna kansa, wuce tirela ko tanka sai kace kiftawar ido kuma wannan kansa kariya ne don baka dade a hannun da ba naka ba. Sai dai ka tuna dukkansu basu da gilashin tare iska, in ka wuce gudun kilomita 130 iska ce zata rika turo kirjinka tana jan wuyanka, don haka karin gudun da babban yake dashi ba kullum zaka iya morarsa ba.

Kafin ka biya ko sisi ka hau ka zauna. Kujerar MT-07 tsayinta santimita 80 da rabi, ta MT-09 na 2021 santimita 82 da rabi, kaga kamar ba komai amma ga mai matsakaicin tsayi shine bambancin taka kasa da tafin kafa da kuma dogarawa da yatsu, kuma ranar da ka tsaya a kan yashi ko gefen kwalta da ya zaizaye zaka san amfanin wannan santimita biyun. Ka juya kan mashin dama da hagu har karshe, ka tura shi baya da kafarka, ka sauka ka tura shi da hannu kamar zaka shigar dashi zaure. Wanda ya baka wahala a tsaye kullum zai rika baka ita.

Sai maganar shekarar fita, nan ne nake so ka nutsu sosai domin yawancin wadanda ake samu na hannu ne 'yan Beljiyam. MT-09 na farko, daga 2014 zuwa 2016, an san shi da totur mai fizga, ka dan taba ya zabura ka dan saki ya dafe, ga shokozobansa sunyi laushi da yawa ga irin karfin injin, in ka shiga kwana da gudu sai kaji bayan yana rawa. An gyara abubuwa a 2017, sannan na 2021 shine ya zo da na'urar dake lura da kwanciyar mashin a kwana, tana rage karfi in tayar baya ta fara sulbewa ko gaba ya fara tashi, ga sauya giya sama da kasa ba sai ka kama kuloci ba. Kenan wanda yace maka ya samu tsohon MT-09 da arha, kudinsa daidai da MT-07 mai sabuwar shekara, ni zan ce ya dauki MT-07 din, domin tsohon babban shine mafi wuyar sha'ani a cikinsu duka. Shi ma karamin yana da nasa aibun kar ace na boye, shokozobansa na talaka ne, mai jiki sosai zai ji yana nutsewa in ya taka burki da karfi, kuma har zuwa 2024 bashi da wannan na'urar hana sulbewa, hannunka ne kawai. Ko wanne ka zaba ka tabbatar mai ABS ne, wato burkin da baya kulle taya, saboda akwai na shekarun farko da aka sayar babu shi.

Kudin saye shine karamin lissafi, rikon shine babba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa yasan yadda lita take, MT-07 yana shan lita hudu da 'yan kai a kilomita 100, babban wajen biyar, wannan in ka tuka da hankali kenan, kuma babu mai sayen MT-09 don ya tuka shi a hankali. Shi babban ma mai mai kyau yake so, ba na bumburutu da aka zuba a galan an bari a rana ba, duk da dai dukkansu masu fesa mai ne ba kabureta ba, datti kadan zai toshe maka su. Tayar baya girmanta daya, fadin milimita 180, amma babban yafi saurin cinye ta, haka sarka, haka takalmin burki, fulogi uku maimakon biyu. Injin MT-07 kuwa shine dai a cikin Ténéré 700 da R7 da XSR700, an buga shi da yawa a duniya shi yasa kayansa suka fi saukin samu, kuma an shaide shi da juriya.

Kaje ka nemi bakanike tun kafin ka nemi mashin. Ba mai gyaran acaba na bakin titi ba, wanda ya taba bude irinsu kuma yana da kwamfutar duba su, ka tafi dashi wurin ciniki. Ku tada injin da sanyinsa, in kun tarar dashi da dumi ku tambayi dalili. Ku duba lagireto ko ya lotsa, kan hannun kuloci da burki ko sun goge, murfin injin ko akwai karce, duk alamun faduwa ne. A MT-09 ku kara duba shokozoban gaba ko suna yoyon mai da kuma wuyan mashin ko yana kara, don mai yawan daga gaba yana buga shi kasa nan yake fara lalatawa. Lambar firam ta dace da ta takardun kwastan, in bata dace ba ka bar masa kayansa komai kyansa.

Sannan ka ware kudin hular kwano mai rufe fuska gaba daya, da jaket mai kariya, safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, kafin ka san nawa ya rage na mashin. In ka cire wadannan da kudin taya sabuwa biyu sai kaga abinda ya saura MT-07 kawai zai saya, toh shi zaka saya.