Masu zuba bayanai cikin Simulink (manhajar similasiyon ta MATLAB), don Allah a kula da waɗannan

Wallahi na gaji da maimaita magana guda, duk lokacin rubuta memuwar sai ƙannenmu na nan Yamai su cika min waya da "yaya model ɗina ya ƙi tafiya", kuma in ka duba babbar matsalar ba ta wuce biyu.

Ta farko tsarin matiris, wato teburin lambobin da kake ba shi. Bulok ɗin From Workspace, mai ɗauko bayanai daga MATLAB, yana son lokaci a layin tsaye na farko, sannan kowace kanal, wato kowace siginar da ka auna, da layinta na tsaye. In ka auna wuta mai faz 3 to layi 4 za ka ba shi, ba 3 ba. Amma bulok ɗin From File, mai ɗauko bayanai daga fayil, shi a kwance yake so, lokaci a layin sama, shi ya sa wanda ya saba da ɗaya yake shan kashi a ɗayan. In ka manta layin lokaci Simulink zai ɗauki kanal ta farko ya ce ita ce lokacin. Da tansiyon ce da sauƙi, tana hawa tana sauka, nan take zai yi ƙorafi don lokaci ba ya komawa baya. Wani yaro kuwa kanal ɗinsa ta farko lissafin kwantar ce, kullum gaba take yi, babu ja ko ɗaya a allo, ya buga zanen ya kai wa malaminsa yana murna. Haba jama'a, size(data) da ke nuna maka yawan layuka fa ba kuɗi ake biya ba! Ni ba na haɗa komai sai na yi plot cikin MATLAB na ƙirga kanal da idona.

Ta biyu ita ce tamu ta masu Excel na Faransanci. Shi 220,5 yake rubutawa da waƙafi, ya raba layukan tsaye da alamar ";". Sai ka buɗe CSV ɗin ka tarar da NaN (wato "ba lamba ba") ko lambobi sun tsage biyu. Ka gaya wa readmatrix, umarnin karanta fayil ɗin, Delimiter (alamar raba layuka) da DecimalSeparator (waƙafin cikin lamba) da kanka, kar ka bar shi ya yi canke.

Sauran ƙanana ne. Lokaci ka gina shi da (0:N-1)'/Fs (N yawan awon ne, Fs yawan awo a sakan), kar ka riƙa tara dt, tazarar lokaci tsakanin awo, cikin madauki. Siginar kunna-kashe ka cire mata Interpolate data, zaɓin From Workspace mai cike tsakanin awo biyu, in ba haka ba za ka ga 0,5 inda babu shi. In lokacin similasiyon ya fi bayananka tsawo, bulok ɗin ci gaba zai yi da jan layi daga kansa, to ka daidaita Stop time. Demux kuma, bulok ɗin da ke rarraba kanal, adadin ƙofofinsa ya zo daidai da kanal, banda layin lokaci, shi ba ya fitowa.